Gina Ɗakin Tuƙi a Ƙaramin Jirgin Kamun Kifi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa wuni a buɗaɗɗen jirgi, rana na dukansa, feshin ruwa na shiga masa ido, ba sai an tsaya yi masa bayanin amfanin ɗakin tuƙi ba. Yana kare matuƙi, yana kare na'urori, yana kuma rage gajiyar da ke sa mutum kuskure idan dare ya yi nisa. Sai dai ɗakin nauyi ne da aka ɗora a sama, kuma bango ne da iska za ta riƙa tunkuɗa, a kan gangar jikin da wataƙila ba a ƙera ta don haka ba. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso. Maganar ta shafi jirage masu tsawon mita 5 zuwa 9.

Kowane ƙaramin jirgi ne zai iya ɗaukar ɗakin tuƙi?

A'a. Jirgi siriri, marar nauyi, wanda ke karkata da zarar mutum ɗaya ya taka bakinsa, bai dace da rufaffen ɗaki ba, kome ƙwarewar kafinta. Haka ma jirgin da bakinsa ke kusa da ruwa idan an loda masa raga da ƙanƙara da kifi. Wanda ya dace shi ne mai faɗi, mai nauyi a ƙasa, wanda daɓensa ke zubar da ruwa waje da kansa. Idan jirginka na cikin rukunin farko, gilashin tare iska da rumfar tamfol a kan bututun alminiyam za su ba ka rabin amfanin da kaɗan daga cikin nauyin, kuma ba abin kunya ba ne ka tsaya a nan.

Nauyin ɗakin har nawa ne zai zama matsala?

Yawan kilo kaɗai ba ya ba da amsa, sai an haɗa da tsayin wurin da kilon yake. Kowane jirgi yana da wani wuri da za a ce nan ne tsakiyar nauyinsa. Muddin wurin yana ƙasa, jirgin zai miƙe da kansa idan igiyar ruwa ta karkatar da shi. Kana ɗora kaya a sama, wurin na hawa, ƙarfin miƙewar na raguwa.

Lissafin ba shi da wuya. Ka ninka nauyin ɗakin da tazarar da ke tsakanin tsakiyarsa da tsakiyar nauyin jirgin, sannan ka raba da nauyin jirgi da ɗaki a haɗe. A ce jirgin da injinsa da mansa kilo 1,200 ne, ɗakin kilo 120, tsakiyarsa kuma mita 1.3 sama da ta jirgin. Ninka 120 da 1.3, ka samu 156. Raba da 1,320, ka samu kusan santimita 12. Da santimita 12 ke nan tsakiyar nauyin ta hau.

A ido wannan kamar ba kome ba ne. Amma masu ƙera jirage suna auna tsayuwar jirgi da wata tazara da suke kira GM, kuma a ƙa'idojin Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ba a so ta gaza santimita 35 a jirgin kamun kifi mai daɓe ɗaya. Jirgin da ke da santimita 50 kafin aiki, ɗakin nan ya cinye masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya bar shi dab da iyaka, tun kafin a ɗora wani abu a kan rufi, tun kafin mutum biyu su tsaya gefe ɗaya suna jan raga.

Kilo 120 kuma ba ƙari na yi ba. Ɗaki mai tsawon mita 1.5 da faɗin mita 1.4, bayansa a buɗe, na filawud (allon katako mai yadudduka) mai kauri milimita 9, da gilasai da ƙarafunansa da fenti, wajen nan yake kaiwa. Shawarata ita ce ka ajiye sikeli a wurin aiki, duk abin da zai hau jirgin ka auna ka rubuta. Ƙiyasin ido kullum ƙasa da gaskiya yake faɗi.

Ta yaya zan gwada tsayuwar jirgin ba tare da injiniya ba?

Akwai gwajin tangaɗi. A ruwa mai kwanciya, a sassauta igiyoyin ɗauri, kowa ya sauka, a riƙa danna bakin jirgin daga gaɓa har ya fara tangaɗi, sai a sake shi. A ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka ya yi zagaye uku zuwa biyar, a raba da yawan zagayen. Zagaye ɗaya shi ne daga hagu zuwa dama ya dawo hagu. Ma'aunin da aka saba bi shi ne a kwatanta daƙiƙun da faɗin jirgin a mita: jirgi mai faɗin mita 2.4 da ke kammala zagaye cikin ƙasa da daƙiƙa 2.4 yana da ƙarfin miƙewa, wanda kuma ya zarce haka ya fara laushi. Jirgin da ke tangaɗi a hankali yana da daɗin zama, shi ya sa yake yaudarar mutane, alhali wannan jinkirin alama ce ta rauni.

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yakan daina tangaɗi da wuri, ƙirgar ta yi wuya. A nan sai a yi gwajin karkata: a ajiye nauyin da aka sani, misali jarkoki huɗu na ruwa masu lita 20, a bakin jirgin, a auna tazarar da ta rage tsakanin baki da ruwa. Ka yi kowane gwaji kafin aiki, ka rubuta, ka maimaita bayan aiki da kaya iri ɗaya. Bambancin shi ne abin da ɗakin ya ci. Ka kuma iya gwadawa tun kafin ka yanka katako ko ɗaya, ta hanyar ɗaure buhunan yashi masu nauyin ɗakin a kan wani dandamali mai tsayin da ya dace.

Idan sakamakon ya sa ka kokwanto, a nemi masanin ƙirar jirage. Kuɗin awonsa bai kai na tsamo jirgi daga ƙarƙashin ruwa ba.

Iska fa?

Ƙarfin iska a jikin bango yana ƙaruwa ninki huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka biyu. Iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura kowace murabba'in mita ta miƙaƙƙen bango da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 14. Gefen ɗaki mai murabba'in mita 3 ke nan zai sha turin da ya haura kilo 40, a can sama, inda ya fi karkatar da jirgi. Ban da haka, jirgin zai fi saurin gangarawa da iska lokacin da ake jefa ƙugiya, zai yi ta wulwulawa a kan anka, kuma shiga matsatsen wuri a tashar jirage zai ƙara wuya. Ɗakin da ke can gaba yakan sa iska ta riƙa kwashe goshin jirgin. Wanda ke baya yakan sa goshin ya fuskanci iska, abin da masunta da yawa suka fi so.

A ina ya kamata ɗakin ya zauna, kuma wane girma?

Aikinka ne zai faɗa. Mai jan raga ko tarko daga baya yana son fili a baya, ɗaki a gaba. Mai aiki daga goshi ko gefe yana son akasin haka. Amma ko ina ka zaɓa, kada ka canja yadda jirgin ke zama a ruwa. Nauyi ya yi yawa a gaba, goshi ya nutse, jirgin ya riƙa fizgar sitiyari idan igiyar ruwa ta biyo shi ta baya, wannan kuwa hanya ce ta kifewa. Ya yi yawa a baya inda inji da mai suke, ruwa ya riƙa shigowa ta ramukan da aka yi don fitarsa. Mafi sauƙi shi ne ɗakin ya zauna daidai inda matuƙi ke tsayawa a da, ko kusa da nan.

Game da girma, ka gina mafi ƙanƙantar ɗakin da zai biya buƙata. Mutum biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa suna buƙatar faɗin mita 1.2 zuwa 1.4. Ka bar hanyar wucewa gaba mai faɗin santimita 30 zuwa 40 aƙalla a gefe ɗaya, da abin riƙewa a jikin rufi tun daga farko har ƙarshe, domin wani zai je ya ja anka a lokacin da ruwa ba ya kwance.

Kafin ka sayi kaya, ka gina ɗakin da kwali da tarkacen katako a kan jirgin. Ka tsaya a ciki sanye da kayan aiki, ka juya sitiyari, ka miƙa hannu ga abin ƙara wuta, ka leƙa inda ragar ke hawowa, ka gwada fita da sauri. Idan hali ya yi, ka fita da shi ruwa a rana mai kwanciya. Jirgi mai gudu yana ɗaga goshi sosai kafin ya hau saman ruwa, kuma a wannan lokacin ne ƙasan tagar da ka zata daidai take zai rufe maka gaba. Gyaran kwali wuƙa kawai yake buƙata.

Tsayin ciki nawa ya isa?

Tsayin mutumin da ya fi kowa tsawo a jirgin, da takalminsa, a ƙara santimita 8 zuwa 10 saboda tsalle a kan igiyar ruwa. Yawanci yana faɗawa tsakanin mita 1.9 da mita 2. Kada ka ƙara don ganin kyau. Wasu suna nutsar da daɓen ɗakin ƙasa da na jirgin don rufin ya sauko, dabara ce mai kyau, amma ramin zai tara ruwa, dole a yi masa dokin ƙofa mai tsayi da famfon kwashewa. A jirgin da bai kai mita 6 ba, ɗakin da ake tuƙi a zaune ya fi hankali.

Da me zan gina: filawud, alminiyam ko faiba?

Ga nauyin murabba'in mita ɗaya na kowanne, don kwatance. Filawud ɗin ruwa na itacen okume mai milimita 9, kilo 4 zuwa 5 kafin a lulluɓe shi. Alminiyam mai milimita 3, kilo 8. Ƙarfe mai milimita 3, fiye da kilo 23, wato a cire shi daga lissafi a ƙaramin jirgi. Bango mai kumfar roba a tsakiya da faiba (ƙyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan gam) ciki da waje ya fi duka rashin nauyi idan gwani ne ya yi, amma mai koyo yakan zuba ruwan gam fiye da kima har ribar ta tafi.

Ga wanda zai yi da hannunsa, filawud da efoksi, wani ruwan gam da ake haɗawa da sinadarin daskarwa, na fi ba da shawara. Kayan aikin kafinta sun isa, kuskure yana gyaruwa, katako kuma ba ya ɗaukar zafi da sanyi kamar ƙarfe. Milimita 9 ta isa bango. Rufi ma haka, in an ɗan lanƙwasa shi da kamar santimita 4 a kowace mita ta faɗi, domin lanƙwasar tana ƙara masa ƙarfi tana kuma zubar da ruwa.

Alminiyam ya dace da jirgin alminiyam, da sharaɗin akwai mai walda da ya san aikinsa. A nemi samfurin da ke jure ruwan gishiri, 5083 ko 5052 a faranti, 6061 ko 6082 a bututu. Farantin sirara suna murɗewa da zafin walda, bangon kuma yana kuwwa da ƙarar inji, yana gumi da sanyin safiya, sai an liƙa masa abin tarewa daga ciki.

Filawud ɗin da ake kayan ɗaki da shi ba zai yi ba?

Ba zai daɗe ba. Gam ɗinsa ba ya jure jiƙa, cikinsa kuma akwai ramuka inda ruwa ke kwanciya ruɓa ta fara. A nemi mai hatimin BS 1088, ma'aunin ingancin filawud ɗin ruwa, sannan a gwada, domin hatimi ba ya hana jabu: a yanki ɗan guntu a tafasa shi awa ɗaya ko biyu, a busar, a sake tafasawa. In yadudduka suka rabu, a mayar da shi.

Me ya sa ake nacewa a kan efoksi alhali foliyesta ta fi araha?

Foliyesta, ita ma ruwan gam ce, tana kama faiba da kyau, amma riƙonta a jikin katako ba shi da ƙarfi. Bayan 'yan shekaru na kumbura da ƙanƙancewa sai fatar ta saki, ruwa ya shiga tsakani, katakon ya ruɓe a ɓoye alhali fentin waje na ƙyalli. Efoksi tana kama katako sosai, tana kuma toshe danshi.

Tana da nata sharuɗɗan. A auna haɗin daidai yadda kamfanin ya rubuta, ko 2 da 1 ne ko 5 da 1. Ƙara sinadarin daskarwa ba ya sa ta saurin bushewa, lalata ta yake yi. A kwaɓa kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi, domin idan ta taru da yawa a kofi takan yi zafi har ta yi hayaƙi. Kowace kusurwa ta waje a goge ta ta zama mai lanƙwasa, ta ciki kuma a cike ta da kwaɓi mai kauri, saboda ƙyallen faiba ba ya kwanciya a kan kaifi. Ƙyalle mai giram 200 a murabba'in mita ya isa waje, mahaɗai kuma a bi su da tef mai kauri. Bakin filawud, inda aka yanka, ya fi ko'ina shan ruwa, a shafe shi sau uku. Idan shafi ya kwana ya yi wani maiƙo a sama, da ruwa ake wanke shi kafin a sa samfefa. Rana tana cin efoksi, dole a rufe ta da fenti.

A sa safar hannu ko da aikin minti biyar ne. Jiki yakan ƙi efoksi bayan yawan taɓawa, kuma wanda fatarsa ta fara wannan ƙaiƙayin yakan zauna da shi har abada.

Yaya ake ɗaure ɗakin da jirgin?

Nan ne aikin gida ya fi faɗuwa. Sukuru da aka ɗaura a daɓe kawai ba ɗauri ba ne. Kowace igiyar ruwa da jirgin ya daka tana jijjiga ɗakin, tsayinsa kuma yana ninka ƙarfin da ke kan gindinsa. Dole nauyin ya sauka a kan haƙarƙarin jirgin ko bangayen cikinsa, ba a kan fatar daɓe ba. A yi amfani da ƙusoshi masu noti da suka ratsa har ƙasa, da faranti mai faɗi a bayansu, tazarar santimita 15 zuwa 20. A jirgin faiba ana iya goge fentin har a kai faibar, a haɗe gindin ɗakin da daɓe da tef da efoksi ciki da waje.

Idan daɓen mai katako ne ko kumfa a tsakiya, kowane rami a huda shi ya fi ƙusar faɗi, a cike da efoksi mai kauri, ta bushe, sannan a sake huda daidai ƙusar. Ta haka ruwa ba zai kai ga cikin ba. Ƙusoshin su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, samfurin 316. Inda suka taɓa alminiyam a raba su da roba ko man kariya, in ba haka ba ruwan gishiri zai sa alminiyam ɗin ya riƙa zama farin gari. Tagulla da katakon da aka jiƙa da maganin tagulla kada su kusanci alminiyam sam.

Kuma ka duba hanyar ruwa. Gindin ɗaki kada ya tare ramukan da ke fitar da ruwa daga daɓe. Ruwan da ya maƙale yana kai-komo daga gefe zuwa gefe yana rage tsayuwar jirgi fiye da nauyinsa.

Gilashi ko roba a tagogi?

Gilashin gida haramun ne a nan, domin yana fashewa ya zama wuƙaƙe. A gaba, inda waifa za ta yi aiki, a sa gilashin da aka gasa, mai milimita 6 a taga matsakaiciya. Shi idan ya fashe ƙananan tsakuwoyi yake zama. Ba a yanka shi ko huda shi bayan gashi, sai ka kai awo na ƙarshe. Nauyinsa kilo 15 ne a murabba'in mita, wato ninki uku na bangon da ya maye, don haka manyan tagogi ba sa rage nauyi, ƙarawa suke yi.

A gefe, robar akirilik mai kauri ɗaya rabin wannan nauyin ne, yana kuma jure rana. Folikabonet ya fi shi jure duka amma yana saurin karcewa, gishiri da waifa za su dusashe shi. Robobin nan biyu suna miƙewa da zafi: mita ɗaya takan ƙaru da kusan milimita 2 idan zafi ya hau da digiri 30. Saboda haka ramukan sukuru su fi sukurun faɗi, kada a ɗaure tam, ko kuma a liƙa tagar da gam mai taushi da aka yi don roba. Ba kowane gam ne ke jituwa da su ba, wasu suna sa su tsattsage. Kusurwoyin taga su zama masu lanƙwasa, kuma tagogi biyu ko uku ƙanana sun fi babba ɗaya jure dukan ruwa.

Me ya sa gilashin gaban jiragen aiki yake karkata gaba?

Saboda dare. Gilashin da ya kwanta baya irin na mota yana dawo da hasken na'urori cikin idon matuƙi. Wanda samansa ya fita gaba yana jefa wannan hasken ƙasa, ruwan sama ba ya zama a kansa sosai, rana ba ta shigowa kai tsaye, kuma ana samun wurin rataye rediyo a sama. Yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, ta wajabta wa jirage masu tsawon mita 55 zuwa sama karkata ta digiri 10 zuwa 25, ta kuma hana gilashi mai duhu a ɗakin tuƙi. Dokar ba ta hau kan ƙaramin jirgi ba, amma idon matuƙinsa iri ɗaya ne da na babban. Ginshiƙan da ke tsakanin tagogi su zama sirara iyakar yadda ƙarfi ya yarda, domin ginshiƙi mai faɗin tafin hannu yana iya ɓoye kwale-kwale guda. Silin da saman teburin na'urori a yi musu fenti mai duhu marar ƙyalli.

In rufe bayan ɗakin da ƙofa, ko in bar shi a buɗe?

A ƙaramin jirgi na fi son baya a buɗe, da labulen tamfol da ake naɗewa. Nauyi ya ragu, matuƙi na jin abin da ke faruwa a baya, fita kuma taki ɗaya ce. In sanyi ko tsaron kaya ya sa dole a rufe, ƙofa mai zamewa gefe ta fi mai buɗewa, da maƙalli da zai riƙe ta a buɗe ko a rufe, kuma a iya buɗe ta daga ciki da waje.

Rufaffen ɗaki yana buƙatar mafita ta biyu, ko ƙyaure a rufi ko tagar gefe da mutum zai iya ratsawa. Ƙaramin jirgi cikin daƙiƙu yake kifewa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: rigar ceto mai kumbura da kanta tana iya danne mutum a cikin ɗakin da ya kife ya cika da ruwa, ta hana shi nutsawa ya bi ta ƙofa. Wannan ba dalilin cire riga ba ne, dalili ne na faɗaɗa ƙofa da barinta a buɗe idan ruwa ya ɓaci.

Hayaƙin inji zai iya shigowa ko da injin yana can baya?

Ƙwarai kuwa, kuma yana kisa. Idan jirgi na tafiya, iskar da ke bin ɗakin tana barin wani wuri mai jan iska a bayansa, sai hayaƙin ya juyo ya shigo ta ƙofar baya. Ya fi faruwa a tafiyar hankali, ko iska na busowa daga baya, ko goshi a ɗage. Gubar da ke ciki, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, injin fetur kuma ya fi na dizal fitar da ita nesa ba kusa ba. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, waɗanda mutum zai ɗauka jirin ruwa ne ya kwanta. Maganin shi ne a bar wata kafa a gaba da iska za ta riƙa shigowa ta ratsa ta fita baya, a kuma sa na'urar ƙararrawa ta wannan gubar. Murhun gawayi ko janareta ba su da wuri a cikin ɗakin.

Tururin fetur da iskar gas ɗin girki sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya. Tankin mai, bututun numfashinsa da tukunyar gas duk su zauna a waje.

Yaya za a yi da zafi da gumin gilashi?

Farin rufi, kumfa mai santimita 2 a ƙarƙashinsa, baki mai fitowa santimita 15 zuwa 20 a kan tagogi, da taga ɗaya a gaba mai buɗewa. Gumin gilashi kuma ƙaramar fanka da ke hura shi ta isa.

Wayoyi da fitilu da kamfas, me zan kiyaye?

Ka shimfiɗa bututun wayoyi kafin ka rufe bango, ka bar igiya a ciki don jan wata waya nan gaba. Wayar ta zama mai silli-silli da aka shafe da kuza, domin mai ƙwaya ɗaya tana karyewa da jijjiga. Fis ya zauna kusa da batir, cikin santimita 18 in zai yiwu. Ka auna igiyoyin sitiyari da na giya tun da wuri, domin matsar da wurin tuƙi yakan sa tsofaffin su gaza ko su lanƙwashe fiye da kima.

Kamfas ba ya shiri da lasifika, injin waifa da duk wani ƙarfe mai jan maganaɗisu. A ba shi tazarar kamar mita ɗaya, wayoyin da suka bi kusa da shi a murɗe su biyu-biyu, sannan a gwada shi da kome a kashe, a sake gwadawa da kome a kunne.

Sabon ɗaki yakan tare tsofaffin fitilu. A dokokin kauce wa karo a teku na 1972, jirgi mai inji da bai kai mita 12 ba yana iya nuna farar fitila da ake gani ta ko'ina daga mil 2 na teku, tare da ja a hagu da kore a dama da ake gani daga mil 1, kowacce tana haska digiri 112.5. Farar ta ɗara na gefen tsayi da mita 1 aƙalla. Lokacin kamun kifi fitilu biyu ne ke maye gurbin farar: kore a kan fara ga mai jan raga a bayansa, ja a kan fara ga sauran. A sa faranti a ƙarƙashin farar don kada haskenta ya zubo kan goshin jirgi ya kashe maka ido.

Zan iya ɗora kaya a kan rufin?

Eriya, fitilu, da farantin sola guda ɗaya in an sa shi a lissafi. Jarkokin mai, akwatin ƙanƙara, jiƙaƙƙiyar raga, a'a. Kilo ɗaya a kan rufi ya kusa yin ɓarnar kilo biyu a tsakiyar bango. Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙari na sannu-sannu: bana akwati, baɗi ƙarfen rataye tarko, ba wanda ya sake gwajin tangaɗi. Mutane kuma kada su hau.

Akwai wata doka ko takarda da ta shafi wannan aiki?

Ya danganta da ƙasa, amma a wurare da yawa ana ɗaukar ƙarin ɗaki a matsayin babban sauyi da za a sanar da hukumar rajistar jirage, musamman ga jirgin sana'a. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan ba a gaya masa ba. Adadin mutane da kaya da maƙerin jirgin ya rubuta ya ragu da nauyin ɗakin, wato kilo 120 ya fi mutum ɗaya da kayansa. A 2012 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci (FAO) da ƙwadago (ILO) da IMO sun fitar da shawarwarin tsaro na jiragen kamun kifi da ba su kai mita 12 ba, akwai bayanin gwajin tangaɗi a ciki. Masu ƙera ƙananan jirage kuma suna bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, ISO 12217 a kan tsayuwa da ISO 12216 a kan tagogi da ƙofofi.

An gama. Yaya fitar farko za ta kasance?

A ruwa mai kwanciya, mutum biyu, kowa da rigar ceto, ba kaya. Ka duba layin ruwa gaba da baya ka kwatanta da alamar da ka yi kafin aiki. Ka maimaita gwajin tangaɗi ko na karkata. Ka juya hagu da dama a hankali, sannan ka ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kana lura ko jirgin na jinkirin miƙewa bayan kwana. Ka tsaya iska na dukan gefe ka ga yadda yake karkata. Sai ka sake duka da cikakken kaya, da kuma tanki kusan wofi, domin man da ya ƙare nauyi ne da ya bar ƙasan jirgin. Idan tsayuwar ta ragu fiye da yadda kake so, fara da sauke abin da ke sama da saukar da batir da tanki ƙasa, kafin ka yi tunanin zuba nauyi a gindi, wanda zai ƙara nutsar da jirgin. Bayan fita biyu ko uku ka bi notocin gindin ɗakin da sifana, ka watsa wa tagogi ruwa da tiyo wani na ciki yana duba inda ke yoyo.